Maleriya Ba Iska Ba Ce

Jama'a, kalmar nan maleriya da kuke ji a bakinmu a ɗakin shan magani, asalinta ba Turancin Ingila ba ce. Daga ƙasar Italiya ta fito. Kalmomi biyu aka gama, mala, watau mummuna, da aria, watau iska. Mutanen can sun ga zazzaɓi ya fi yawa kusa da fadamun birnin Rum, sai suka ɗora wa ɗoyin ruwa laifi.

Ashe kuskure ne. A 1880 wani likita Bafaranshe, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro, can Indiya. Shekara ta kewayo, Grassi, Ba'italiye, ya nuna irin sauron da ke sa wa mutum ita. Amma suna ya riga ya zauna. Ni kam na ga namu ya fi nasu gaskiya: zazzaɓin cizon sauro.

Ga dalilin da na kawo maganar nan. 'Ya'yanku da ke aiki a masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai sukan zo mini jiki zafi rau, su ce warin ruwan jima ne ya buge su. To, ruwan nan mugu ne, kada ku sha, kada ku bar yara su yi wasa ciki. Amma warinsa ba ya sa maleriya. Sauronta ya fi son ruwan sama da ya kwanta shiru, ba wari: sawun shanu, ramin da aka haƙi ƙasar gini, gefen kududdufi. Kwana goma sun isa ƙwai ya zama sauro. Da dare yake cizo.

Akwai kuma wata iskar. Yaro ya yi zazzaɓi har ya shiɗe, sai uwa ta ce iska ce ta taɓa shi, a shiga turare. Sau da yawa maleriya ce ta kai ga ƙwaƙwalwa, tana kuwa iya kisa cikin kwana ɗaya. Maigida, ka ɗauko shi nan da nan, ko da tsakar dare ne.

Ku cike ramuka, ku kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya zo, a gwada jini tukuna, a kuma shanye magani na kwana uku duka, ko da jiki ya yi sauƙi.