Maganin tansiyo: idan ƙwaya ta wuce ƙa'ida, kada a jira sai mutum ya faɗi

Gidaje da yawa a Dakoro da karkararta yanzu ba a rasa dattijo ko tsohuwa mai shan maganin hawan jini, wato tansiyo. Cikin waɗanda likitoci suka fi rubutawa akwai amlodipine da nifedipine. Danginsu ne verapamil da diltiazem. Magunguna ne masu ceton rai, amma idan aka wuce ƙa'ida suna iya kisa.

Yadda suke aiki

Tsokar zuciya da ta jijiyoyin jini ba ta matsewa sai sinadarin kalsiyam ya shiga cikinta. Waɗannan ƙwayoyi suna rage shigarsa, sai jijiyoyi su saki, tansiyo ta sauka. In maganin ya yi yawa, jijiyoyi su saki gaba ɗaya, zuciya ta rasa ƙarfin tura jini zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda.

Amlodipine ƙwayar miligram 5 ce ko 10, kuma ba a wuce miligram 10 a rana. Tana daɗewa a jiki: sai an yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinta ya fita. Ke nan ta jiya ba ta gama fita ba za a ɗora ta yau.

Ta ina kuskure yake shigowa?

Wani ya manta bai sha jiya ba, yau sai ya haɗa biyu. Wani kansa ke ciwo, ya ce tansiyo ce ta tashi, ya ƙara. Akwai kuma magani ɗaya mai suna biyu: ɗa ya aiko wa mahaifinsa Amlor daga Faransa, ga amlodipine ta gidan likita, tsoho ya yi ta shan duka biyun alhali abu guda ne. Ga na masu talla a faranti ranar kasuwa, babu awo babu takarda. Sai jikoki masu ɗaukar ƙwaya ƙarƙashin matashin kaka. Ga ƙaramin yaro, ƙwaya ɗaya ko biyu na iya zama ajali.

Alamomi

Jiri, kasala, tashin zuciya da amai, sumewa, numfashi sama-sama, zuciya ta yi ta bugawa da sauri ko ta yi sanyi ƙwarai. Sukarin jini ma yakan hau. Abin tsoron shi ne mutum na iya zama garau yana hira alhali tansiyonsa na faɗuwa. Ƙwayoyin da aka rubuta LP a kwalinsu a hankali suke narkewa, illarsu kan ɓoye awoyi da yawa kafin ta bayyana.

Abin yi

Da an gane an sha fiye da ƙa'ida, a kama hanyar CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Dakoro nan take, ko da mutum ya ce lafiyarsa ƙalau. A tafi da kwalin maganin, a faɗi lokacin da aka sha da ƙwaya nawa. Kada a sa shi amai. Nono, man ja ko jiƙo ba sa karya wannan guba. Idan jiri ya kama shi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa.

A asibiti ana ƙarin ruwa, a yi allurar kalsiyam, wani lokaci insulin tare da ruwan sukari, da magungunan ɗaga tansiyo. In abin ya yi tsanani sai an wuce Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 100. Mutumin Kornaka ko Birnin Lalle da ya tsaya jiran alama, lokacin da zai ceto shi yake ɓatawa. Wanda kuma ya sha da gangan don damuwa, a kai shi ba faɗa ba gori, a zauna tare da shi.

Ƴan uwa mazauna Libiya, Aljeriya, Najeriya da Turai: kafin ku aiko magani, a turo muku hoton takardar likita. Masu sha kuma, kada tsoro ya sa ku daina. Ku sha yadda aka rubuta, ku ajiye inda hannun yaro ba ya kai. Allah Ya ƙara lafiya.