Yaron da ya ba da uku ya karɓi ɗaya

A watan Maris na 2019, a gasar darar Turawa ta ƙananan 'yan firamare na jihar Niyok a Amurka, wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 8 ya yi wani motsi da ya sa gaban malamansa ya faɗi. Ya sadaukar da bishof ɗinsa don ya ci soja ɗaya tak. A lissafin masu wannan dara, wadda suke kira ces, bishof guda daidai yake da soja uku. Sai malaman suka zuba wasan a kwamfuta su ga girman ɓarnar, kwamfuta kuwa ta ce yaron ne da gaskiya. Abin da ya bayar ya buɗe masa hanyar da ba za ta bayyana ba sai an ƙara wasu motsi a gaba. Har aka tashi gasar babu wanda ya doke shi. Ya rungumi kofin ya koma inda yake kwana, gidan da hukuma ke ajiye marasa matsuguni a Manhatan.

Sunansa Tanitoluwa Adewumi, ana kiransa Tani. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da ya fara sanin yadda doki ke tsalle a kan allo, a makarantar gwamnati ta P.S. 116, hannun wani malami Shawn Martinez. Mahaifiyarsa ta rubuta wa shugaban ƙungiyar wasan, Russell Makofsky, cewa ba su da kuɗin rajista, shi kuma ya yafe. A gasarsa ta farko shi ne kurar baya, da maki 105. Lokacin da ya ci kofin jiha makinsa ya kai 1587.

Ni dai motsin mahaifinsa ya fi tsaya mini a rai. Kayode Adewumi yana da ɗakin ɗab'i a Abuja. Wasu mutane suka kawo masa aikin buga takardu, da ya duba sai ya ga saƙon Boko Haram ne. In ya buga, ya zama nasu. In ya ƙi, sun san fuskarsa da shagonsa. Ya ƙi. Barazana ta biyo baya, ya kwashe iyalinsa zuwa Akure, can ma hankali bai kwanta ba. A 2017 suka bar ƙasar, mai shago da ma'aikata ya koma wankin kwanuka da tuƙin Uber da motar haya.

Wanda ya taɓa zaman ces ya san wata ƙa'ida mai tsanani: in layi ya zo kanka, dole ka motsa. Ba a cewa na dakata sai na ga yadda ta kaya. Ga agogo kuma a gefen allo yana cin lokacinka. Wannan matsin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a Ojoo da ke Ibadan da asuba yana kallon manyan motocin Arewa suna gangarowa daga hanyar Oyo, ko ya zauna da dattawan unguwar Sabo ya ji yadda iyayensu suka yi fataucin shanu.

Tun 1916 aka kafa unguwar Sabo a Ibadan. A farkon shekarun 1960 wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar yana nazarin kasuwar shanu, ya tarar ana sayar da kusan shanu 75,000 a shekara a Ibadan, kusan duka a kan bashi, babu takarda, babu sa hannu. Dalilin yana cikin dajin Kudu. Shanun da aka koro da ƙafa sun ratsa ƙasar ƙudan tsando, sammore ya riga ya shige su. Kowace rana da falke ya ƙara, sa yana ramewa, kuɗinsa na zubewa. Ba ya iya juyawa da su Arewa, ba ya iya jira. Ga mahaucin Bayarabe a gabansa wanda bai taɓa gani ba, yana cewa a ba shi sa, zai biya bayan ya yanka ya sayar.

A nan ne kara ta fi allon ces wuya. Tani yana ganin gida 64 da duk 'ya'yan da ke kansu, abin da ya ɓoye masa kawai shi ne zuciyar abokin karawarsa. Falke kuwa rabin allonsa a duhu yake. Shi ya sa yake sauka a wurin mai gida, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya kuma tsaya masa in mahauci ya gudu da kuɗi. Dillalan mai gidan sun san wane mahauci ne ke biya a kan lokaci, wane ne bashi ya yi wa katutu, wa za a ba sa biyu, wa ba za a wuce ɗaya ba. La'adar da ake biya kuɗin wannan sanin ne. Ina ganin wanda ya kira wannan caca bai yi wa mutanen nan adalci ba. Ɗan caca yana fatan sa'a ne kawai. Su kuwa sun auna abin da za su iya rasawa ba tare da jari ya karye ba, sannan suka saki igiyar.

Kayode bai samu dillalin da zai gaya masa abin da ke jiransa a Amurka ba. Bayan ɗan jarida Nicholas Kristof ya rubuta labarin Tani a New York Times, jama'a suka tara sama da dala 200,000, wani ya ba su gidan zama. Iyalin suka karɓi gidan, kuɗin kuma suka zuba a gidauniyar taimakon wasu. A watan Mayun 2021 Tani ya zama gwanin ces na ƙasa yana da shekara 10. Duk wannan lokaci ba su san ko za a bar su su zauna a ƙasar ba. Takardar mafakarsu ba ta fito ba sai a watan Disamba na 2022, fiye da shekara biyar bayan sun bar gida.