Idan Mutum Ɗaya Ya Zana Gida Kuma Ya Gina

Mai son gina gida a Kankia ko Kusada yana da hanya biyu. Ko dai wani ya zana taswirar gidan, wani ya gina, ko kuma a damƙa wa ɗan kwangila ɗaya aikin gaba ɗaya.

Hanya ta biyu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu shi ya tsara Masallacin Juma'a na Zariya, shi ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim. Haka Falke Barmu ya yi da masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Amfaninta shi ne, in bango ya tsage, mai gida ya san wanda zai kama. Aiki ma yakan fi sauri.

Haɗarinta kuwa, babu mai sa wa ɗan kwangila ido, yana iya rage siminti ko rodi. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, a biya kuɗi kashi-kashi, sannan a kira injiniya mai rajista da COREN ya duba kafin a zuba kankare.