"Jinin Nan Ina Za A Kai Shi?": Mai Ciwon Ƙoda da Masu Bincike a Birnin Zariya

Mai ciwon ƙoda a cikin birnin Zariya, ko a Kwarbai yake ko Unguwar Juma ko Limancin Kona, hanyarsa kusan ɗaya ce. Ƙafa ta kumbura a ce sanyi ne, a je kemis, a gwada jiƙe-jiƙe, sannan a garzaya Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. In abu ya ci tura, a rubuta masa takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A can ne, yana zaune a layin ganin likita, wani mai farar riga kan matso da takarda a hannu ya ce: "Baba, wani bincike muke yi, ko za ka yarda mu ɗebi jininka da fitsarinka?"

Sau da yawa amsar takan zo ne da tambaya: "Jinin nan ina za a kai shi?"

Bai kamata kowa ya raina wannan tambaya ba, domin tana da tarihi. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabin kuma wani daban. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya rura wutar ƙin allurar shan inna a 2003, kuma har yau bai gama gogewa a zukatan mutanen Arewa ba.

Sai dai tun daga nan an ɗaure harkar da ƙa'ida. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma asibitin Shika yana da kwamitin da dole ya tantance kowane bincike kafin a taɓa majinyaci. Haƙƙin majinyaci ne a yi masa bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa amfanin abin da haɗarinsa, inda za a ajiye jinin, da ko za a fitar da shi waje. Wanda bai iya karatun boko ba, a karanta masa a gaban shaida kafin ya dangwala yatsa. Yana iya cewa a'a, yana iya janyewa ko bayan ya amince, kuma ba wanda ya isa ya rage masa kulawa saboda haka. Matar aure a cikin birni takan nemi shawarar maigida, hakan kuwa daidai ne da tarbiyyar gida, amma yardar da ƙa'ida ke nema tata ce, tunda jikinta ne.

Galibin binciken ƙoda da ake yi a ƙasar nan ma ba gwajin sabon magani ba ne. Tambayoyi ne: aikin mutum, ruwan da yake sha, ko yana da hawan jini, ciwon suga ko sikila, irin magungunan ciwon jiki da na gargajiya da ya daɗe yana sha, ko wani a dangi ya taɓa yin cutar. Sai awon jini da fitsari, wani lokaci a ce ya riƙa dawowa na wasu shekaru. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, suna lalacewa a hankali ba tare da zafi ba, shi ya sa awo ke ganin abin da mutum bai fara ji ba.

Me irin wannan haƙuri ya taɓa haifarwa? A 2010 masana suka gano cewa wasu nau'o'i biyu na wata ƙwayar gado mai suna APOL1 su ne ke bayyana babban ɓangare na yawan ciwon ƙoda a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka. Asalinsu daga Afirka ta Yamma ne, inda suka yaɗu saboda suna kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Amma ya abin yake a nan gida? Amsa ta fito a 2024 daga aikin ƙoda na wani shirin bincike mai suna H3Africa, bayan mutum 8,355 a Najeriya da Gana sun ba da jininsu. Kusan kashi 30 cikin 100 nasu sun gaji nau'in daga uwa da uba, kuma haɗarin ciwon ƙoda a wurinsu ya ƙaru da kashi 25. Abin da ya fi jan hankali shi ne, ko wanda ya gada ta gefe ɗaya haɗarinsa ya ƙaru da kashi 18. Yanzu haka ana gwada wani magani mai suna inaxaplin da aka ƙera musamman domin wannan matsala. Da waɗancan mutane sun ƙi miƙa hannu, da har yau hasashe ake yi da sakamakon wata ƙasa.

A Yobe ma, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana cin mutane a yankin Gashuwa, gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin binciken musabbabinsa, aikin da ba zai yiwu ba sai da haɗin kan masu cutar da masu lafiya.

Dole a faɗa wa majinyaci gaskiya: shiga bincike ba lallai ya warkar da shi ba. Zai iya samun awo kyauta da kuɗin mota, amma babban amfanin na 'ya'ya da jikoki ne. Nan kuma akwai wurin tsoro. Wankin ƙoda ana son a yi shi sau uku a mako, kuɗinsa ya sa iyalai da dama sayar da gona da fili. Wanda ke cikin wannan hali zai sa hannu a kan kowace takarda in ya ji kalmar "kyauta". Mai binciken da ya yi amfani da wannan rauni ya ci amana, ko da takardarsa ta cika ƙa'ida.

Akwai kuma bashin da ya rage a kan masana. Sakamako kan ƙare a mujallun Turanci da wanda ya ba da jinin ba zai taɓa gani ba. Ya dace likitocin Shika su riƙa komawa cikin ganuwa, ta hannun fadar Zazzau da masu unguwanni da limamai da makarantun Islamiyya na mata, su faɗi da Hausa abin da suka gano. Majinyaci kuwa, kafin ya amsa, ya tambayi sunan likitan da ke jagorantar aikin, ya nemi shaidar amincewar kwamitin asibiti, ya kuma karɓi kwafin takardar da ya sa wa hannu ya tafi da ita gida.