Abin Da Kiristocin Hausa Suka Koya A Ƙauyen Gimi

Duk wanda ya ratsa ta barikin soja ko na 'yan sanda a Ikko ko Badun ranar Lahadi da safe, da wuya ya rasa jin ana rera waƙoƙin sujada da harshen Hausa. Masu rerawar kuwa 'yan Arewa ne waɗanda aiki ko neman abinci ya kawo Kurmi, wato mutanen Zazzau da na Filato da Adamawa da Bauci, kowa da yarensa, amma Hausa ta haɗa su. Da yawa daga cikinsu ba su san cewa ɗaya daga cikin saiwoyin wannan sujada tana can wani ƙauye na ƙasar Zazzau mai suna Gimi ba, inda aka kafa gari da murna, aka kuma tashe shi da hawaye.

Asalin labarin daga Kano yake. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya sa ya riƙa ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a cikin karatunsa. Hukuma ba ta yarda da koyarwar ba, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi wajen duwatsun Ningi, aka riƙa ce da su Isawa. Ya kamata masu karatu su lura cewa mutanen nan ba Kirista ba ne a lokacin, ba su kuma taɓa ganin ɗan mishan ba.

A cikin shekarar 1913 ne waɗansu daga cikin zuriyarsu suka iske Likita Mila a birnin Zariya. Shi Likita Walter Mila Baturen Ingila ne na mishan ɗin C.M.S., wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya kuma taso daga Ikko ɗin nan a cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Bayan an yi ta tattaunawa, wani sashe na Isawa ya karɓi addinin Kirista, sauran kuwa suka tsaya a kan abin da suka gada. Waɗanda suka karɓa suka nemi wurin da za su zauna tare su yi noma su yi ibada. To, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi aka samu fili a Gimi, aka kuma ɗora wani limamin Kirista baƙar fata, W. A. Thompson, mutumin tsibiran West Indiya, a kan kula da su.

Ɗaya daga cikin abubuwan da aka koya musu shi ne 'yanci daga zunubi, kuma ba a sha wahalar bayyana musu shi ba, domin sun san bauta ido da ido. A 1901 ne Gwamna Lugga ya yi shelar hana cinikin bayi, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Saboda haka kowa ya san bawan da ke biyan murgu, wato wanda ubangijinsa ya sake shi ya je ya yi sana'arsa, amma tilas ya riƙa kawo kuɗi. Yana yawo kamar ɗa, alhali kuwa igiya tana wuyansa. Kowa kuma ya san fansa, inda ake biyan kuɗin bawa dungum a sallame shi. A bangaskiyar Kirista, mai zunubi kamar mai biyan murgu yake, kullum yana ƙoƙari amma bashin bai ƙare ba, sai Yesu Almasihu ya biya fansarsa da mutuwarsa. Wanda aka fansa kuwa ba a sa ran ya sāke komawa ƙofar tsohon ubangijinsa da ƙafarsa. Har yau kalmar nan ta fansa ita ce ke bakin masu wa'azi da Hausa.

Amma akwai wata tambaya da wa'azin bai riga ya amsa musu ba, sai da rayuwa ta tilasta. Shin wanda aka 'yanta daga zunubi an 'yanta shi daga wahala ke nan? Kurmin rafin da ke kusa da gonakinsu cike yake da ƙudan tsando, wanda cizonsa ke kawo ciwon barci. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga nan mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, hankalinsa ya gushe, ya rame har rai ya yi halinsa. A wancan zamani magungunan da ake da su ba su taka kara sun karya ba. Aka yi ta mutuwa, manya da yara, har kafin garin ya cika shekara goma ya zama tilas a bar shi.

A nan ne za a auna mutanen Gimi. Kakanninsu sun rasa malaminsu a Kano, su kuma sun baro danginsu saboda sabon addini, ga shi wurin da suka ɗauka mafaka ya cinye 'ya'yansu. Ba abin mamaki ba ne in wani ya ce alhaki ne ya kama su. Amma koyarwar Kirista ba ta ɗauki kowace wahala a kan horon zunubi ba, tun da shi kansa Almasihu, wanda suka gaskata ba shi da zunubi, ya sha azaba. Ba ta kuma yi wa kowa alkawarin arziki ko lafiya don ya tuba ba. Masu wa'azin da ke cika kunnen baƙo a biranen Kurmi da cewa ciwo ko rashin aiki alamar ƙarancin bangaskiya ce, da wuya su iya maimaita wannan magana a gaban kaburburan Gimi.

Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, suka ci gaba da sujada a inda suka samu kansu. A 1929 mishan ɗin ya fita daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai, aka kuma yi makaranta da asibiti. Ita ma gwamnati daga baya ta tasam ma ƙudan tsando a ƙasar Zazzau, ta sare kurmin rafuka a yankin Anchau, ta kafa sabon gari mai suna Takalafiya.

Daga wannan 'yar jama'a ta Wusasa aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko na Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Likita Mila ya jagoranci fassararsa tare da taimakon Hausawa, ya fito a 1932, aka sāke sabuwar fassara a 1979. Da wannan harshe ne ɗan sanda mutumin Langtang da birkila mutumin Numan suke karatu tare a benci ɗaya ranar Lahadi a Ikko.