Shamuwa, Gawo da Gaiwa: Karantar da Ƙananan Yara Ilmin Halittu da Yanayi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar aji ɗaya ko aji biyu na firamare a lokacin darasin kimiyya, lalle ya ji yara suna rera siffofin abu mai rai da baki ɗaya, cewa yana ci, yana numfashi, yana girma, yana motsi, yana haihuwa, suna maimaitawa har su hardace, alhali kuwa mai yiwuwa ne a bayan ajin nan akwai kuka ko tsamiya da tsuntsaye suka cika da sheƙa, ba wanda ya ce musu su fita su duba. Hadda ba aibu ba ce, mu da muka tashi da allo mun san fa'idarta. Amma ilmin halittu ilmi ne na ido da hannu, kuma yaro ɗan shekara 6 ko 7 bai kai munzalin fahimtar ƙa'ida ba sai ya ga misalinta a gabansa.

Mas'alar farko, watau rarrabe mai rai da marar rai, ta fi yadda manya suke zato wuya. Wani masani na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya bayyana a littafinsa na 1926 cewa ƙananan yara sukan jingina rai ga rana da gajimare da iska, domin kawai sun ga suna motsi, kuma da wannan hujja yaro yakan hana wa itace rai, tun da yake bai taɓa ganin ya gusa daga inda yake ba. Gardama ba ta kau da wannan zato. Abin da ke kau da shi shi ne malam ya sa yara su cika gwangwanaye da ƙasa, su shuka wake a cikin wasu, su binne tsakuwa a cikin ɗaya, su riƙa bai wa wasu ruwa suna hana wasu, su sa ɗaya a cikin duhun kabad. Kafin mako biyu su cika, yaran da kansu za su gaya masa wanne ya tsiro, wanne ya yi fari ya rame, wanne kuma bai sake ba ko kaɗan.

Daga nan sai maganar mazauni, cewa kowace halitta tana da wurin da ya dace da ɗabi'arta, inda take samun abinci da ruwa da mafaka. A nan ƙasarmu ta wadata da misalai har malami ba shi da uzuri. Ga gaiwa, kifin fadama mai huhu, wadda idan ruwa ya janye takan nutsa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi har ya bushe ya zama mata kube, ta bar 'yar ƙofa ta shan iska, ta kwanta watanni har damina ta sake zagayowa. Ɗan masunci ya san wannan tun kafin a sa shi makaranta, kuma ya kamata a bar shi ya ba 'yan ajinsu labari. Ga belbela da ke bin garken shanu saboda ƙwarin da kofato ke tayarwa daga ciyawa. Ga kuma sauro, wanda a ganina shi ne mafi amfanin darasi duka, domin idan aka ɗebo ruwan da ya kwana a tsohon kasko, aka zuba a kwalba, aka ɗaure bakinta da ƙyalle, yara za su ga 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil sun rikiɗa sun zama sauro cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, kuma wanda ya ga haka da idonsa ba ya bukatar doguwar nasiha kafin ya kifar da gwangwanin da ya tara ruwa a bayan ɗakin uwarsa.

Amma fa mazauni ba ya zama iri ɗaya duk shekara, wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuskure ne a raba babin halittu da babin yanayi, a karantar da wannan a zango na ɗaya, wancan a zango na uku. Shekararmu iska biyu ce ke juya ta. Ɗaya busasshiya ce, tana fitowa daga arewa maso gabas ta kan Sahara, ɗauke da ƙura wadda mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita ce ta hunturu. Ɗayar kuwa mai danshi ce, tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, kuma gwargwadon yadda ta tura 'yar'uwarta arewa, gwargwadon yadda hadari ke samun ƙasa. Shi ya sa ruwa yakan sauka a Ikko tun Kano tana cikin zafin bazara, shi ya sa kuma abin da Agadas ke samu a yawancin shekaru bai kai rubu'in na Kano ba. Yaro ƙarami ba zai riƙe wannan bayani duka ba, amma zai riƙe shamuwa, wadda ke isowa gab da faɗuwar ruwa ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ci fara da tsutsa, sa'an nan idan kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka inda damina ke kamawa. Zai kuma riƙe gawo, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa, yana kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani, har gero ya yi kyau a gindinsa saboda takin ganyen da rashin inuwa, hikimar da ta sa sarakunan Damagaram na dā suka tsananta hana sare shi.

Kada wani ya ɗauka wannan nazari baƙo ne gare mu. Surori da dama na Alƙur'ani mai girma sunayen halittu suke ɗauke da su, kamar Naml da Nahl da Ankabut, watau tururuwa da ƙudan zuma da gizo-gizo, kuma malamai irin su Jahiz na Basra da Damiri na Misira sun wallafa manyan littattafai a kan dabbobi. A nan gida ma, R. M. East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah a Zariya tun 1949, suna bayanin halitta da Hausa tsantsa. Har yanzu kuma akwai dattawan da ke lissafin shekara da manzilolin taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365, suna sanin shigar Zira'a da Nasara da Ɗarfa a cikin damina; gayyato irin wannan dattijo aji ya yi hira da yara ba zai ci wa makaranta ko kwabo ba.

Sharaɗi biyu ne kawai zan gindaya wa malami. Na farko kiyaye lafiya, kada a bar yara su sa hannu a rami ko su ɗaga dutse ba babba a kusa, saboda maciji da kunama, kada kuma su kusanci ƙududdufi su kaɗai. Na biyu tausayi, domin yaron da aka koya wa kallon ƙadangare yana gyaɗa kai a kan katanga ya kamata a koya masa ajiye gwafar danƙo, kuma duk abin da aka kamo don dubawa a mayar da shi inda aka samo shi.

Saura wata matsala da tsarin karatu ya haifar, cewa dogon hutu yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin marka, sa'ad da kwaɗi ke kuka, gina ke tashi daga suri bayan ruwa, halittu suka fi yawa. Maganinta shi ne kowane yaro ya tafi gida da gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da ɗan ma'auni, ya ajiye shi a fili nesa da indararo, ya auna zurfin ruwan kowace safiya da taimakon yayansa, ya rubuta, ya zubar. Milimita 1 a gwangwani daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. Idan aka koma makaranta aka jera takardun, za a tarar lissafin wannan unguwa ya saɓa wa na waccan ko da a rana ɗaya ne, domin hadarin ƙasarmu yakan zubar a gabashin gari ya tsallake yammacinsa, kuma bambancin nan kaɗai ya isa darasin mako guda.