Darasin Addini a Makarantar Gwamnati: Wa Ke Zaɓa wa Yaro?

A makarantun gwamnati na Kaugama, kamar sauran garuruwan masarautar Haɗeja, darasin addinin Musulunci yana cikin jadawali, kuma ba wanda ke ganin abin tambaya a ciki, tunda kusan kowa Musulmi ne. Amma a wasu ƙasashe akwai ƙungiyoyin da suka ɗauki shekara da shekaru suna fafutukar a raba makarantar gwamnati da addini. Hujjarsu ita ce, da harajin kowa aka gina makarantar, don haka bai dace ta fifita aƙidar wani a kan ta wani ba.

Faransa ce ta fi nisa a wannan hanya. Tun 1882 ta cire darasin addini daga firamarenta, a 1905 ta raba gwamnati da coci, a 2004 kuma ta hana ɗalibai sanya alamomin addini na fili, har da hijabi. A Amurka, Kotun Ƙoli ta hana addu'ar da hukuma ke tsara wa ɗalibai a 1962. A Nijeriya masu irin wannan ra'ayi 'yan tsiraru ne, kuma maganarsu ba ta da masauki a Arewa.

Dalilin yana cikin tarihi. Da Gwamna Lugga ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin jama'a ba. Haɗeja kuwa sai da aka gwabza a 1906, Sarki Muhammadu ya rasa ransa, kafin Turawa su shiga. Mutanen da suka ga wannan ba za su miƙa 'ya'yansu ga makarantar Nasara cikin sauƙi ba. Shi ya sa aka taƙaita ayyukan mishan a ƙasar sarakuna, kuma da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai aka haɗa boko da karatun addini don iyaye su saki jiki. Har zuwa lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ganin malamin Arabiyya a cikin makaranta ne ke sa uba da yawa ya yarda ya ba da ɗansa. A ganina, wanda ya cire wannan darasi a Kaugama yau, azuzuwa zai kwashe, a yankin da ambaliyar kogin Haɗeja da aikin gona suka riga suka isa hana yara zuwa makaranta.

To, me doka ta ce? Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Sashe na 38 kuma, wanda ya fi shafar aji kai tsaye, bai kori addini daga makaranta ba. Abin da ya hana shi ne a tilasta wa ɗalibi karatu ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Ya kuma bar wa kowace al'umma damar koyar da addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta, kamar Islamiyyar unguwa. Wato zaɓin na yaro ne da iyayensa, ba na hedimasta ba, ba na kwamishina ba.

Musulmi sun ci moriyar wannan sashe. A Legas an hana 'yan mata sanya hijabi a makarantun gwamnati, babbar kotun jihar ta goyi bayan hanin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi a 2016, sannan a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da 'yancinsu, alƙalai biyar suka rinjayi biyu. An yi murna a Arewa, kuma abin murna ne. Kiristoci ma da shi suka kafa hujja a 2017, lokacin da ƙungiyar CAN ta yi ƙorafi kan manhajar da ta cusa darussan addinan biyu ƙarƙashin inuwa ɗaya da ilimin zaman ƙasa, har gwamnati ta amince a raba su.

Abin da ba mu cika so a faɗa ba shi ne, dokar nan ba ta san Kudu da Arewa ba. Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, amma sashe na 38 bai daina aiki a cikinta ba. A ajin da ke da yara sittin, ana iya samun ɗaya ko biyu 'ya'yan ɗan sanda, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ɗan kasuwar da ya zo daga Kudu ya zauna. Idan aka shigo darasin addini, yaron nan ko dai ya zauna ya yi shiru, ko ya fita gindin bishiya ba mai kula da shi, domin ba kowace makaranta ke da malamin addinin Kirista ba. Galibi ba mugunta ba ce, ba a dai yi tunaninsa ba ne. Sai dai iyayen 'yan matan Legas ma haka aka riƙa ce musu, cewa tsarin makaranta ne kawai.

Gyaran ba ya buƙatar zuwa kotu. Ranar da aka kawo yaro rajista, hedimasta ya tambayi uba abin da yake so a koya wa ɗansa, ya rubuta. Kada a dake shi don bai haddace addu'ar da ba tasa ba, kada a rage masa maki a jarrabawar darasin da doka ta ɗauke masa. Inda 'yan tsirarun suka taru da ɗan yawa, kamar cikin garin Haɗeja, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha tana iya tura malami ɗaya ya riƙa zagaya makarantu uku ko huɗu a mako.